Daga tashar Abidjan zuwa bariki: yadda Kwaddibuwa ke koyon auna abin da kuɗin soja ya haifar

Kasafin kuɗin tsaro a yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma ana rubuta shi ne da lissafin abin da za a zuba: albashi kaza, man fetur kaza, motoci da harsasai kaza. Abin da ba a cika rubutawa ba shi ne abin da kuɗin bara ya haifar. Motocin da aka saya suna tashi? Alawus ɗin da aka ware ya shiga hannun sojan da ke bakin iyaka? Jirgin sintiri ya kwana nawa a teku? Idan amsar waɗannan tambayoyi ba ta komo wa masu tsara kasafi ba, to kuskuren bara shi za a sake biya bana, har da ƙari. Kwaddibuwa ta sha wahalar wannan rashi fiye da maƙwabtanta da dama, domin shekaru kusan talatin labarin gazawar kasafin sojanta da ƙarar bindiga yake isa kunnen mahukunta. Wurin da ya fi dacewa a fara duba lamarin shi ne tashar jiragen ruwa ta Abidjan, inda kuɗin ke fitowa, inda kuma kayan aikin soja ke shigowa.

Tashar da ke ciyar da baitulmali

Abidjan na zaune a bakin tafkin Ébrié, kuma har tsakiyar ƙarni na 20 wani siririn tudun yashi ne ya raba tafkin da teku. Jirage kan tsaya nesa da gaɓa a Grand-Bassam ko Port-Bouët, a riƙa jidar kaya da ƙananan jirage. A 1950 aka gama haƙa mashigin Vridi mai tsawon kilomita 2.7, manyan jirage suka samu hanyar shiga tafkin, aka buɗe tashar a Fabrairun 1951. Hedikwatarta da tsofaffin wuraren sauke kaya suna Treichville, unguwar da fatake Hausawa da 'yan Nijar suka daɗe da zama, sauran kuma sun miƙe zuwa Vridi. An faɗaɗa mashigin tare da ƙara masa zurfi, aka ƙaddamar da aikin a 2019, sannan aka buɗe filin kwantena na biyu a Disamban 2022. Kayan da suka bi ta tashar sun haura tan miliyan 30 a 2023. Koko da kashu da roba na fita, shinkafa da ɗanyen mai da kayan gini na shigowa, wani kaso kuma na wucewa Mali da Burkina Faso da Nijar ta mota ko ta jirgin ƙasan da ke tashi daga Treichville.

Mafi tsokar kuɗin kwastan na ƙasar a nan ake karɓarsa, kuma da shi ake biyan malami da likita da soja. An ga haka a fili a farkon 2011, lokacin rikicin da ya biyo bayan zaɓe tsakanin Laurent Gbagbo da Alassane Ouattara. Tarayyar Turai ta sa tashoshin Abidjan da San Pedro cikin jerin takunkumi a watan Janairu, Ouattara ya yi kira da a dakatar da fitar da koko, babban bankin yankin kuma ya toshe wa Gbagbo asusun gwamnati. Manufar ba ɓoyayya ba ce: a hana shi abin da zai biya sojoji da ma'aikata. Aka kama Gbagbo ranar 11 ga Afrilu.

Tashar tana da wata ɗabi'a da ta dace da wannan batu. Tana auna kanta kullum. An san sa'o'in da jirgi ya yi yana jiran a ba shi wuri, an san kwantena nawa ƙugiya ta ɗaga a awa guda, an san kwanakin da kaya suka yi a fili kafin a fitar da su. Dalilin wannan ƙididdiga shi ne gasa. Ɗan kasuwar Bamako ko Wagadugu ko Maraɗi da aka ɓata wa lokaci zai karkata kayansa zuwa Tema ko Lome ko Dakar, kuma hakan ya faru bayan yaƙin 2002 da ya raba ƙasar biyu ya datse hanyar arewa. Rundunar soja ba ta da mai saye da zai yi fushi ya koma wani wuri. Saboda haka duk wani ma'auni na aikinta sai an gina shi da gangan, an kuma tilasta amfani da shi.

Lokacin da bindiga ce ke kai rahoto

Shugaban ƙasar na farko, Félix Houphouët-Boigny, bai so babbar runduna ba. Ya jingina tsaron ƙasar da yarjejeniyar da Kwaddibuwa da Nijar da Dahomey suka sa wa hannu da Faransa a Afrilun 1961, sojojin Faransa kuma suka zauna a Port-Bouët kusa da filin jirgin sama. Rundunar gida ta kasance ƙarama, ana biyanta, ba a tambayarta wani abin kirki. Da farashin koko ya faɗi a ƙarshen shekarun 1980 aljihun gwamnati ya yi rauni, sai ga kurata sun fito a Mayun 1990, suka mamaye gidan rediyo da filin jirgin sama suna neman a riƙe su a aiki a kuma kyautata musu. Aka biya musu buƙata. A Disamban 1999 sojojin da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suka nemi alawus ɗinsu da ya maƙale. Boren da ya fara kan kuɗi ya ƙare da kifar da shugaba Henri Konan Bédié ranar 24 ga wata da hawan Janar Robert Guéï. Tawayen 19 ga Satumban 2002 yana da tushen siyasa mai zurfi, na ƙabilanci da batun wane ne ɗan ƙasa, amma cikin waɗanda suka fara harbi akwai ɗaruruwan sojoji da aka shirya sallama ba tare da an tanadar musu madafa ba.

Bayan 2011 sabuwar gwamnati ta gaji runduna biyu a riga ɗaya: tsofaffin sojojin gwamnati da dubban mayaƙan 'yan tawayen arewa da aka shigar. Da yawa cikin waɗannan ba su taɓa shiga makarantar soja ba, kuma biyayyarsu ta fi karkata ga kwamandojin yankunan da suka yi yaƙi a ƙarƙashinsu. A Nuwamban 2014 suka tare hanyoyi a Bouaké da Abidjan da wasu garuruwa kan bashin albashi da ƙarin girma. Gwamnati ta amince cikin gaggawa, dubban kofur-kofur suka zama saje. An samu kwanciyar hankali na ɗan lokaci, amma rundunar ta koma mai ƙananan hafsoshi fiye da kima, masu ba da umarni sun kusa rinjayar masu karɓa, nauyin albashi kuma ya ƙaru na dindindin.

Shekarar 2017 ce ta fi kowace fito da girman matsalar. Daren 5 wayewar 6 ga Janairu harbi ya tashi a Bouaké, ya bazu zuwa Daloa da Korhogo, ya iso barikin Akouédo da harabar ma'aikatar tsaro a Abidjan. Ministan tsaro Alain-Richard Donwahi ya je sasantawa, sojoji suka tsare shi na sa'o'i a gidan da ake tattaunawar. Bisa adadin da masu boren suka bayyana, an yi alkawarin ba mutum 8,400 sefa miliyan 12 kowannensu, aka biya miliyan biyar nan take, saura zai biyo baya. Shugaba Ouattara ya sauke babban hafsan hafsoshi Janar Soumaïla Bakayoko. A watan Fabrairu dakaru na musamman da ke Adiaké suka fito neman nasu rabon. A daidai lokacin farashin koko a kasuwar duniya ya rushe, gwamnati ta rage wa manomi farashin kilo daga sefa 1,100 zuwa 700 a watan Afrilu, ta kuma datse kasafin shekarar. Ranar 11 ga Mayu aka nuna wani kakakin sojojin a talabijin yana neman afuwa yana cewa sun yafe ragowar kuɗin. Washegari harbi ya tashi a kewayen barikin Gallieni, hedikwatar rundunar, tsakanin Plateau da Adjamé. Bankuna suka rufe, masu shaguna suka ja ƙofa, motocin kaya suka yi cirko-cirko a mashigin Bouaké. Bayan kwana huɗu gwamnati ta amince ta biya ragowar miliyan bakwai.

Idan aka ninka 8,400 da miliyan 12, abin ya haura sefa biliyan 100, kuɗin da babu shi a kasafin da majalisa ta amince da shi. Manomin koko ya yi asara a lokacin da soja ya samu, tsofaffin mayaƙan da aka sallama kuma suka ga cewa mai riƙe da bindiga ne kaɗai ake saurara, suka fito zanga-zanga a Bouaké, wasu suka rasa rayukansu. Abin takaicin shi ne babu ɗaya cikin koke-koken da yake sabo. Alkawarin kuɗin da sojojin ke cewa an yi musu tun lokacin yaƙi, lalacewar barikoki, rashin abinci mai kyau, duk an san su a kowace bataliya. Hanyar da za ta ɗauko wannan sani daga ƙasa ta kai shi teburin kasafi ita ce babu. A cikin boren na Mayu ne kuma aka gano tarin makamai a wani gida a Bouaké, mallakar wani hadimin shugaban majalisar dokoki na lokacin. Shekara guda kafin nan masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ruwaito cewa makamai masu yawa da tsofaffin 'yan tawaye suka mallaka ba su shiga rajistar gwamnati ba. Ƙasar ba ta san adadin bindigoginta ba, ballantana amfanin da suka yi mata.

Dokoki biyu da suka sauya tsarin lissafi

Gyaran ya zo ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce dokar tsara kashe kuɗin soja ta shekara biyar, 2016 zuwa 2020, wadda aka zartar a Janairun 2016, watanni kaɗan kafin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗage takunkumin makaman da ya ƙaƙaba tun Nuwamban 2004. Dokar ta tanadi sama da sefa biliyan 2,200, ta kuma faɗi abin da ake son a cimma: rage yawan sojoji, gyara tsarin muƙamai yadda kurata za su fi ƙananan hafsoshi yawa, da karkatar da wani kaso na kuɗi daga albashi, wanda ke cinye mafi yawan kasafin, zuwa kayan aiki da gine-gine da horo. Aka buɗe ƙofar ritaya ta ganin dama da sallamar sefa miliyan 15 ga kowane mutum. Kusan mutum 1,000 suka fita a ƙarshen 2017, wasu dubbai suka biyo baya. Wannan tsari yana da tsada, amma ya bambanta da kuɗin bore ta fuska mai muhimmanci: an san abin da aka saya da shi, ana iya ƙirga waɗanda suka tafi da albashin da aka huta biya.

Ƙofa ta biyu ta shafi gwamnati baki ɗaya. A 2009 ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, UEMOA, ta umarci mambobinta su koma tsara kasafi bisa shirye-shirye da sakamakonsu, salon da Faransa ta ɗauka da dokarta ta 2001. Kwaddibuwa ta mai da umarnin doka a Yunin 2014, ta fara aiki da shi a kasafin 2020. A ƙarƙashin tsarin kowace ma'aikata, har da ta tsaro wadda jandarmomi ma ke ƙarƙashinta, tana kasa aikinta zuwa shirye-shirye. Kowane shiri yana da jami'i guda da ke ɗauke da alhakinsa, da manufofi, da ma'aunai, da hasashen kuɗi na shekara uku. Idan shekara ta ƙare jami'in zai rubuta rahoton abin da aka cimma. Kotun binciken asusun gwamnati, wadda ta fara aiki a matsayin hukuma mai zaman kanta a 2018, tana duba rahotannin, sannan su isa majalisa tare da dokar rufe lissafin shekarar. An tsara lokacin ne yadda ɗan majalisa zai ga sakamakon bara kafin ya kaɗa ƙuri'a kan kasafin baɗi.

Dillalin albasa a Adjamé ba ya sake yin odar mota daga Galmi sai ya san buhu nawa ya ruɓe a hanya a zuwan da ya wuce, da dalilin ruɓewar. Abin da tsarin ke nema ke nan daga janar da minista. Sai dai rubuta shi a doka ya fi aiwatar da shi sauƙi, kuma wahalar tana farawa ne daga zaɓen abin da za a auna.

Me ake aunawa?

Ma'aunin da ya fi sauƙin samu shi ne kason kuɗin da aka kashe cikin wanda aka ware. Shi ne kuma mafi ƙarancin amfani, domin ma'aikatar da ta kashe kashi 98 cikin ɗari na kasafinta kan motocin da ba su da kayan gyara za ta fito da maki mai kyau. Ƙirga kayan da aka sayo ma bai isa ba. Gwamnatin Gbagbo ta kashe maƙudan kuɗi kan jiragen yaƙi samfurin Sukhoi da matuƙa 'yan haya. Ranar 6 ga Nuwamban 2004 jiragen suka kai hari sansanin Faransa a Bouaké, sojojin Faransa tara suka mutu, kafin gari ya sake wayewa Faransa ta lalata kusan dukan jiragen yaƙin ƙasar a ƙasa.

Rundunar sojan ruwa ita ce inda aunawa ta fi yiwuwa, kuma aikinta ne ya fi kusa da tashar. Babban sansaninta yana Locodjro a bakin tafkin, jiragenta ta mashigin Vridi suke fita kamar kowane jirgin kaya. Ƙasar tana da gaɓar teku sama da kilomita 500. Bayan shekarun rikici da takunkumi rundunar ta wayi gari kusan babu jirgin da zai iya nisa da gaɓa, 'yan fashin teku kuwa suka gane haka. Tsakanin Oktoban 2012 da Fabrairun 2013 an sace jiragen dakon mai uku, Orfeas da Itri da Gascogne, a ruwan Abidjan ko kusa da shi, aka kai su gabas aka kwashe man. A 2016 an sace Maximus, a 2020 kuma wani jirgin kamun kifi na Sin mai suna Hai Lu Feng 11, kuma sojojin ruwan Najeriya ne suka ƙwato su duka biyun. Daga 2014 Kwaddibuwa ta fara karɓar sababbin jiragen sintiri uku daga Faransa, na farkonsu L'Émergence, daga baya aka ƙaro manya, ciki har da Contre-amiral Fadika da Espérance. Abidjan ce kuma mazaunin cibiyar tsaron teku ta yammacin Afirka da aka kafa bisa yarjejeniyar Yaoundé ta 2013.

Jirgin sintiri yana da littafin da ake rubuta duk motsinsa: ranar fita, ranar dawowa, man da aka sha, injin da ya tsaya, jiragen da aka tare aka bincika. Daga wannan littafi ana iya fitar da kwanakin da kowane jirgi ya yi a teku, da kwanakin da ya yi a ɗaure saboda jiran wani ƙarfe daga Turai, da kuɗin da kowace ranar sintiri ta ci. Idan lissafi ya nuna jirage biyu cikin biyar suna kwance rabin shekara, to sefa ta gaba wurin gyara da horar da makanikai ya kamata ta tafi, kafin a yi maganar jirgi na shida. Irin wannan shawara ba ta da farin jini, domin sabon jirgi ana bikin karɓarsa da faretin girmamawa, kayan gyara kuwa babu mai yanka musu kirtani. Amma ita ce ke bambanta runduna mai aiki da runduna ta ado.

Sakamakon yana kaiwa har bakin titi. Tashar kamun kifi ta Abidjan tana cikin manyan wuraren sauke kifin tuna a Afirka. Kifin da kamfanonin gwangwani ba su ɗauka ba, ƙanana da waɗanda suka ƙuje, shi ake sayarwa a kasuwar gida. Tun da asuba ake fito da shi daskararre daga cikin jirage, mata 'yan sari da masu amalanke su raba shi zuwa unguwanni. Kafin hantsi yana cikin tafasasshen mai a rumfunan abincin da ake kira garba na Treichville da Adjamé, inda mai sayarwa, sau da yawa ɗan Nijar, zai ɗebi garin rogo da aka turara, ya ɗora yankin kifi, ya watsa yankakken barkono da albasa, ya zuba cokalin man suya. Ɗalibi da ɗan dako da direban motar haya ta gbaka da wannan suke karyawa. Jiragen da ke satar kifi a ruwan ƙasar da 'yan fashin da ke sa kamfanonin inshora ƙara kuɗi suna taɓa farashin wannan faranti, ko da mai cin bai san inda Locodjro yake ba.

Akwai kuma ma'aunin da ba daga cikin runduna yake fitowa ba. Tun tsakiyar shekarun 2000 UEMOA ta kafa wani tsari na bin diddigin abin da ke faruwa a manyan hanyoyin fatauci, ciki har da hanyar Abidjan zuwa Wagadugu da ta Bamako. Ana ba direbobin manyan motoci da takardunsu suka cika wata takarda su riƙa rubuta kowane shinge da aka tsayar da su, ko na 'yan sanda ne ko jandarma ko kwastan ko soja, da kuɗin da aka karɓa, da mintocin da aka ɓata. Ana tattara takardun a buga rahoto da ke nuna shinge nawa ne a kowace kilomita 100 a kowace ƙasa. Direban da ya ɗauko shanu ko albasa daga Nijar ya san waɗannan lambobi a jikinsa tun kafin a buga su. Darajar tsarin ita ce wanda abin ya shafa ne ke ba da shaida, jami'in da ake aunawa ba shi ke riƙe da alƙalamin ba. A 2011 gwamnati ta kafa runduna ta musamman ta yaƙi da karɓar na goro a hanya, kotun soja ta Abidjan kuma ta hukunta jami'ai kan wannan laifi. Matsalar ba ta ƙare ba, amma an samu abin kwatanta bana da bara.

Arewa, sirri, da darasin maƙwabta

Tsarin shekara biyar ba ya hana duniya juyawa. Wata biyu bayan zartar da dokar 2016, ranar 13 ga Maris, 'yan bindiga suka kashe mutum 19 a bakin teku a Grand-Bassam. A Yunin 2020 aka kai hari sansanin Kafolo kusa da iyakar Burkina Faso, jami'an tsaro 14 suka mutu, aka sake kai wani a Maris na 2021. Rundunar da ake ƙoƙarin ragewa sai ga shi ana ɗaukar mata dubban sababbin matasa. Aka kafa yankin aikin soja na musamman a arewa, aka gina sansanoni, aka buɗe makarantar yaƙi da ta'addanci a Jacqueville a 2021, sannan a 2022 aka ƙaddamar da shirin samar wa matasan yankunan iyaka sana'a da ayyukan more rayuwa. Hare-hare sun ragu sosai daga ƙarshen 2021. A nan ne aunawa ke da wuyar gaske: raguwar daga ƙarin soja ta zo, ko daga hanyoyi da rijiyoyi da sana'o'i, ko kuwa mayaƙan ne suka mai da hankali wani wuri? Mai tsara kasafi na gaskiya ba zai danganta nasarar ga abu ɗaya ba. Abin da zai iya aunawa shi ne ƙananan abubuwan da ke hannunsa, kamar tsawon lokacin da ɗauki ke ɗauka kafin ya isa sansanin da aka kai wa hari, ko an biya alawus a kan kari, ko wanda ya ji rauni ya isa asibiti da rai, da kuma ko makiyaya da manoman yankin suna kawo labari ko suna gudun mai kaki.

Babban abin da ke toshe hanyar bayani shi ne sirrin tsaro. Dokokin ba da kwangila a ƙasashen yankin sun keɓe sayayyar da ake cewa tana buƙatar sirri daga gasar fili, kuma wannan ƙofa takan faɗaɗa har ta haɗiye takalma da katifu da shinkafar bariki. Wurin da aka girke bataliya sirri ne na halal. Farashin buhun shinkafa ba shi da wannan matsayi. Nijar ta ga inda abin ke kaiwa. Bayan kisan sojoji 71 a Inates a Disamban 2019 da 89 a Chinagodar a Janairun 2020, binciken da sufetocin rundunar suka yi kan kwangilolin 2014 zuwa 2019 ya gano asarar kimanin sefa biliyan 76 ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. A Najeriya an tuhumi tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Sambo Dasuki a 2015 kan dala biliyan 2.1 na sayen makamai, zargin da ya musanta, a lokacin da sojoji a Borno ke kukan ƙarancin kayan yaƙi. A Mali kwangilolin kayan soja da sayen jirgin shugaban ƙasa a 2014 sun sa Asusun Lamuni na Duniya ya dakatar da tallafi na wasu watanni. A duk waɗannan wurare bincike ya zo ne bayan an yi jana'iza ko bayan mai ba da bashi ya murtuke fuska.

Manyan ƙasashe ma ba su gama da matsalar ba. Amurka ta fara tsarin haɗa shiri da kasafi a ma'aikatar tsaronta a 1961 zamanin Robert McNamara, sai a 2003 ta ƙara masa matakin duba yadda aka aiwatar, kuma tun da aka fara cikakken binciken asusun ma'aikatar a 2018 ta yi shekaru a jere ba ta tsallake shi ba.

Abin da ya rage wa Kwaddibuwa ya fi shafar mutane da hukumomi fiye da takardu. Rahoton sakamako da jami'in shiri ya rubuta da kansa, da ma'aunan da shi ya zaɓa, yana buƙatar wanda zai je sito ya ƙirga, ya je gareji ya tayar da mota. Kwamitin tsaro na majalisar dokoki yana buƙatar ma'aikatan da suka iya karanta lissafin soja, da ikon jin bayanan sirri a zaman da ba na fili ba. Manyan shawarwarin tsaro kuwa suna fitowa ne daga majalisar tsaron ƙasa da shugaban ƙasa ke jagoranta tun 2012, wadda ba ta ƙarƙashin irin binciken da ake yi wa ma'aikatu. Sannan kurtu yana buƙatar hanyar kai ƙorafi da ba za ta jawo masa horo ba, tare da rajistar sojoji mai tsabta da biyan albashi kai-tsaye ta banki.

Nauyin ya ƙaru tun Fabrairun 2025, lokacin da Faransa ta miƙa sansanin Port-Bouët, aka sa masa sunan Janar Ouattara Thomas d'Aquin, babban hafsan hafsoshin ƙasar na farko. Shekaru da dama tashar Abidjan ce mashigar kayan yaƙin Faransa zuwa Sahel. Daga nan motocin sulke suka tashi zuwa Bamako a Janairun 2013, daga nan kuma ayarin da masu zanga-zanga suka tare a Kaya da Tera a Nuwamban 2021 ya fito. Kula da wannan sansani da wasu ayyukan da baƙi ke ɗauke da su a da, na jigila da gyara da horo, yanzu sun dawo kan kasafin ƙasar, a lokacin da Mali da Burkina Faso da Nijar suka fice daga ECOWAS, musayar bayanan tsaro a kan iyakar arewa kuma ta yi rauni. Kuɗin tsaron Kwaddibuwa bai wuce kusan kashi 1 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba, kuma duk ƙarin da za a yi masa daga kuɗin kwastan da harajin koko zai fito, asusun da makarantu da asibitoci ke jira.